Azumin Kirista a Ƙudus: ƙaramar majami'a mai ɗauke da babban kaya

Ranar Lahadi 13 ga watan Afrilu na shekara ta 2025, cikin tsakar dare, sojojin Isra'ila suka aika ma ma'aikatan asibitin Al-Ahli da ke birnin Gaza saƙon cewa su fitar da kowa da kowa. Minti 20 kacal aka ba su. Aka turo marasa lafiya bisa gadajensu zuwa bakin titi cikin duhu, sannan makamai masu linzami guda 2 suka faɗo, suka rusa ginin ɗakin gwaje-gwaje mai hawa 2, suka lalata wurin ajiyar magani da sashen karɓar masu neman taimakon gaggawa. Wani yaro da ke jinyar rauni a ka ya rasu wajen wannan fitar ta rana tsaka. Isra'ila ta ce ƴan Hamas na amfani da wurin wajen tsara hare-hare, Hamas kuma ta ce ƙarya ce. Wannan labari duk mai sauraren rediyo ya ji shi a lokacin. Abin da ba a tsaya an faɗa ma jama'a ba shi ne: shin asibitin nan na wa ne?

Ba na Hamas ba ne, ba na hukumar Falasɗinawa ba ne, ba kuma na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Na wata ƙaramar ikilisiyar Kirista ce da ake kira Episkofal, wato reshen ɗarikar Angilika a wannan yanki, mai cibiya a birnin Ƙudus. Ranar da aka kai harin kuwa ita ce Lahadin Ganyen Dabino, ranar da Kirista ke shiga mako na ƙarshe na azuminsu na kwana 40. Hukumomin ikilisiyar sun ce wannan ne karo na 5 da aka taɓa asibitin tun da yaƙi ya ɓarke a watan Oktoba na 2023.

Mabiyan wannan ikilisiya a yankin duka ba su wuce mutum 7,000 ba. Babbar unguwa guda ta Maraɗi ko Damagaram ta fi su yawa. Amma suna riƙe da ma'aikatu sama da 30, asibitoci da makarantu da gidajen kula da naƙasassu, cikin Isra'ila da Falasɗinu da Jodan da Lebanon da Siriya, da ma'aikata wajen 1,500 da ɗalibai fiye da 6,000. Waɗannan ma'aikatu su ne suka sa ake jin muryarta. Su ne kuma igiyar da ake kama ta da ita, domin duk wanda ke riƙe da banki, ko takardar izinin zama, ko shingen kan hanya, yana iya tsayar mata da numfashi ba tare da ya taka ƙofar majami'a ba. Kuma idan aka bi tarihin ƴan shekarun nan, sau da yawa a cikin azumi ne abin ke fitowa fili.

Ga wanda bai san wannan azumi ba, shi ne wanda a faransanci ake ce ma Karem. Yana farawa ranar Larabar Toka, inda limamin majami'a ke shafa ma mutane toka a goshi don tuna masu da mutuwa, yana ƙarewa a jajibirin idin Paska, wanda wasu ke kira Ista. Kwana 46 ne a kalanda, amma ba a lissafa Lahadi 6 da ke ciki, sai ya zama 40, adadin kwanakin da Linjila ta ce Annabi Isa ya yi yana azumi a jeji. Ba irin na Ramadan ba ne na kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Wani nama yake bari, wani kayan zaƙi, wani ya rage cin abincinsa. Kiristocin Gabas kuwa kan bar nama da madara da ƙwai gaba ɗaya. Abu 3 ake jaddadawa a ciki: addu'a, kame kai, da sadaka. Ku riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta. A shekara ta 2025 azumin ya fara ranar 5 ga Maris, ya tarar da Musulmi cikin kwanakin farko na Ramadan, kuma kwana 3 ke nan da Isra'ila ta rufe hanyar shigar da kayan agaji Gaza. Ranar 18 ga Maris aka koma luguden wuta bayan tsagaitawar watan Janairu. Ke nan mutanen Al-Ahli, Musulminsu da Kiristansu, cikin wannan hali suka yi azuminsu duka biyu.

Wa ke da ta cewa a cikin gidan?

Kalmar Episkofal na nufin ikilisiyar da bishop ke jagoranta, wato babban limamin da ke kula da lardi guda. Sai dai bishop ba sarki ba ne mai yanke hukunci shi kaɗai. Akwai majalisa da suke kira Majma'u da larabci, inda limamai da wakilan talakawan kowace majami'a ke zama tare. Ita ke duba lissafin kuɗi, ita ke zaɓen sabon bishop. Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar ƴan kasuwa ya san irin wannan tsari: akwai shugaba, amma akwai ranar da ake kiran kowa a buɗe littafi.

Ba a wayi gari aka tarar da hakan ba. A 1841 ne Ingila da Farusiya ta ƙasar Jamus suka haɗa kai suka kafa kujerar bishop a Ƙudus, kuma na farko da suka turo, Michael Solomon Alexander, tsohon malamin Yahudawa ne da ya koma Kirista. Na biyun, Samuel Gobat, mutumin Suwizalan, shi ne ya fi mayar da hankali ga buɗe makarantu da shiga cikin Larabawa. A 1898 aka keɓe babbar majami'ar Sen Joj da ke kan hanyar Nablus a gabashin Ƙudus, wadda ita ce cibiyar har yau. Larabawan ikilisiyar sun kafa majalisarsu ta ƴan ƙasa tun 1905, amma sai a 1958 aka naɗa Balarabe na farko bishop, Najib Cubain, kuma sai a 1976 aka ba Bafalasɗine, Faik Haddad, kujerar Ƙudus kanta. Shekara 135 ke nan gidan na hannun baƙi kafin masu gida su karɓi mabuɗi. A wannan shekarar ce aka haɗa lardin Ƙudus da na Masar da na Iran da na Kuburus da ƙasashen Gulf aka yi babban yanki guda mai cin gashin kansa. A 2020 Masar ta fita ta kafa nata.

Wanda ke kan kujerar tun watan Mayu na 2021 shi ne Hosam Naoum, haifaffen Haifa, wanda majalisar ta zaɓa a farkon 2020. Wasu za su tuna da shi ba tare da sun san sunansa ba: shi ne, tare da shugaban ɗarikar Otodoks ta Girkawa Theophilos na 3, suka tsarkake man zaitun da aka shafa ma Sarki Charles na Ingila ranar naɗinsa. An yi wannan ne a Ƙudus ranar 3 ga Maris na 2023, shi ma dai cikin azumi.

To, amma ta yaya za a tara majalisar da mutanenta ke zaune cikin ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna? Mutumin Beirut ko Dimashƙa ba ya shiga Ƙudus. Mai fasfo ɗin Isra'ila ba ya shiga Beirut salin alin. Mutumin Nablus ko Ramallah sai da takardar izinin sojoji zai je babbar majami'arsa, ko da kuwa tazarar Ramallah da Ƙudus ba ta kai kilomita 20 ba. Shi ya sa galibi a Jodan ake yin taron, domin can ne kusan kowa ke iya isa. Ko kalandar azumin ma ba ɗaya ba ce a cikin lardin. A Jodan, da wasu garuruwan Gaɓar Yamma irin su Ramallah, Kiristocin ɗariku daban-daban sun daɗe da yin yarjejeniya cewa za su yi Kirsimeti tare ranar 25 ga Disamba, su yi Paska tare bisa lissafin Otodoks. Sai ka ga bishop guda, amma wasu mabiyansa sun sha idi, wasu na tsakiyar azumi. A 2024 tazarar ta kai mako 5: 31 ga Maris ga waɗansu, 5 ga Mayu ga waɗansu. Ni dai ban ga aibi a nan ba. Mutanen da aure da maƙwabtaka suka haɗa sun ga gara su saɓa ma kalandar Landan da su saɓa ma maƙwabcinsu.

Rikicin lanho na 2018

Yanzu mu zo ga maganar da ta fi shafar ɗan kasuwa. A farkon watan Fabrairu na 2018, magajin garin Ƙudus na lokacin, Nir Barkat, ya ce lokaci ya yi da majami'u za su fara biyan lanhon gine-gine, wanda a can ake kira arnona. Ma'aikatarsa ta lissafa gine-gine 887 na majami'u da na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce tana bin su bashin shekel miliyon 650, abin da a canjin lokacin ya kusa miliyar 100 na kuɗin sefa. Ba ta tsaya ga aika takarda ba, sai ta sa aka riƙe kuɗin majami'un a banki. Na ikilisiyar Episkofal da aka riƙe ya haura shekel miliyon 7, wato sama da miliyar 1 na sefa. Ku dubi wannan adadi, ku dubi mutum 7,000.

Hujjar magajin garin mai sauƙin fahimta ce. Ya ce wurin ibada ba a taɓa shi, amma otal da ɗakin taro da kantuna kasuwanci ne. Don me mai otal na gefe zai biya, otal ɗin majami'a ya ƙi biya, alhali hanya ɗaya suke bi, motar shara ɗaya ke kwashe masu? Duk matar da ke biyan kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, tana kallon wani babba kusa da ita ba ya biyan ko dala, za ta ce wannan magana tana kan hanya.

Majami'un kuma suka ce a'a. Na farko, yafe masu lanho tsohon tsari ne tun zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, wanda Ingila ta tarar ta bari, Jodan ta tarar ta bari, Isra'ila ma ta tarar ta bari shekara da shekaru. Na biyu, ribar masaukin baƙi ba aljihun wani take shiga ba, ita ke biyan albashin malamin makaranta da na ma'aikaciyar jinya. Ikilisiyar Episkofal na da irin wannan masauki a harabar Sen Joj, inda masu ziyara ke sauka su biya. Idan ka yanke ribar masaukin, makarantar ka yanka. Akwai kuma ta uku, wadda ba kullum ake furta ta ba amma kowa ya san da ita: gabashin Ƙudus wuri ne da Isra'ila ta kama a yaƙin 1967, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na ɗaukarsa a matsayin yankin mamaya. A irin wannan wuri, bashin lanho na iya zama hanyar ƙwace gini, ginin da aka ƙwace kuma ba ya dawowa. A daidai lokacin ne ma majalisar dokokin Isra'ila ke duba wani daftarin doka da zai ba gwamnati damar karɓe filayen da majami'u suka sayar ma ƴan kasuwa.

Ranar Lahadi 25 ga Fabrairu, ana tsakiyar azumi, shugabannin Otodoks na Girkawa da Katolika da Armeniyawa suka yi abin da aka daɗe ba a gani ba: suka rufe Majami'ar Kabari Mai Tsarki, wadda Larabawa ke kira Kanisatul Ƙiyama, wurin da ya fi kowane daraja a wajen Kiristocin duniya. Abin lura a nan, mabuɗin wannan ƙofa tun ɗaruruwan shekaru yana hannun gidajen Musulmi biyu ne, gidan Judeh da ke ajiye shi da gidan Nusaiba da ke buɗewa da rufewa. Ƴan Episkofal ba su da kaso cikin mallakar wannan majami'a, amma rufewar ta yi masu aiki. Baƙin da suka biya kuɗin jirgi daga ƙasashe masu nisa suka tsaya a bakin ƙofa suna addu'a a tsakar gida, hotuna suka zaga duniya, kuma wannan ne lokacin da masu otal da masu motoci da masu sayar da tsaraba ke sa ran cinikin shekara. Kwana 3 kawai aka yi, Firaminista Benjamin Netanyahu ya sa baki, aka dakatar da karɓar lanhon, aka jingine daftarin dokar, aka kafa kwamiti ƙarƙashin minista Tzachi Hanegbi. Da asubahin 28 ga wata aka buɗe ƙofa.

Idan aka cire maganar addini, abin da suka yi shi ne rufe kasuwa ranar da ta fi ci. Kuma sun yi nasara ne saboda sun yi shi tare. Da ikilisiyar Episkofal kaɗai aka riƙe ma kuɗi, wa zai ji kukanta?

Nawa ra'ayin, magajin garin na da rabin gaskiya a maganar otal, amma hanyar da ya bi ta ɓata rabin. Wanda ke son a sake tsarin da ya shekara sama da 100 zama yake kira a yi, a ware abin da ke kasuwanci zalla da abin da ke ciyar da asibiti. Riƙe asusu ba ya bambancewa, malamin makaranta da mai shara su ke fara ji a jikinsu ƙarshen wata. Sai dai su ma majami'un akwai abin da ya rage masu. Muddin littafinsu ba a buɗe yake ba, muddin ɗan ikilisiya ba zai iya cewa ga abin da masauki ya samu bana, ga abin da aka ba makaranta ba, to duk mai son kama su zai sami hanya. Mutanen Ƙudus ba su manta ba cewa a 2005 sai da aka tuɓe shugaban Otodoks na Girkawa, Irenaios, bayan da aka gano an yi cinikin wasu otal-otal na ikilisiyarsa da ke bakin Ƙofar Jaffa da masu alaƙa da wata ƙungiyar Yahudawa ƴan kama-wuri-zauna, ba da sanin mabiya ba.

Ita kanta ikilisiyar Episkofal ba ta tsira daga rigimar dukiya ta cikin gida ba. Bayan da Bishop Riah Abu El-Assal ya yi ritaya a 2007, saɓani ya shiga tsakaninsa da sabbin hukumomin lardin kan wata makaranta a Nazarat da ya yi ma hidima tun yana limamin garin, har maganar ta kai gaban kotun Isra'ila. Tsohuwar tambaya ce da kowace ƙungiya ta sani: abin da shugaba ya gina da sunan jama'a, da kuɗin da aka ba shi saboda kujerarsa amma kuma da zufarsa, na wa ne ranar da ya sauka?

Wanda ya gaje shi, Suheil Dawani, shi kuma ta wata ƙofar aka ɓullo masa. Haifaffen Nablus ne, don haka sai da takardar izini yake zama a Ƙudus, kusa da majami'ar da yake shugabanta. A watan Agusta na 2010 ma'aikatar cikin gida ta Isra'ila ta ƙi sabunta masa takardar shi da iyalinsa, bisa zargin hannu a wani cinikin filaye. Ya musanta, ya shigar da ƙara, manyan ɗarikar Angilika na duniya suka yi ta kai da kawowa, sai a watan Satumba na 2011 aka mayar masa. Fiye da shekara guda ke nan bishop ɗin Ƙudus na zaune a Ƙudus ba da takarda ba. Idan shugaba ke nan, ina ga talakan majami'a? A watan Afrilu na 2024 sojoji suka ɗauke wata budurwa ƴar majami'ar Episkofal ta garin Birzeit daga gidan iyayenta cikin dare, aka tsare ta ba tuhuma har zuwa Disamba, duk da kiran da Naoum da Justin Welby, babban bishop na Kantabari a lokacin, suka yi a sake ta.

Ina kuɗin ke fitowa?

Mutum 7,000 ba za su iya biyan ma'aikata 1,500 ba, ko da kowa ya juye aljihunsa. Wani kaso na fitowa daga kuɗin makaranta da na jinya da hayar gine-gine da masaukan baƙi. Sauran daga waje yake zuwa, kuma a nan ne sadakar azumi ke shigowa. Tun shekara ta 1922, bayan yaƙin duniya na 1, ikilisiyar Episkofal ta Amurka ta ware baikon da ake tarawa ranar Juma'ar ƙarshe ta azumi, wadda suke kira Juma'a Mai Kyau, don ƴan'uwansu na Ƙudus da Gabas ta Tsakiya. Kowace shekara shugaban ikilisiyar na aika wasiƙa, ana zagayawa da faranti a majami'u daga Niyok har Kalifoniya. Akwai kuma ƙungiyoyin abokan lardin a Amurka da Ingila da ke tara nasu gudummawar duk tsawon shekara. A 2025 wannan Juma'a ta faɗo ranar 18 ga Afrilu, kwana 5 bayan harin asibitin.

Alheri ne babba, amma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ikilisiyar Amurkan da ke bayarwa ita ma raguwa take yi: daga mabiya sama da miliyon 3 a shekarun 1960 ta dawo wajen miliyon 1 da rabi a 2023, kuma tsofaffi sun fi yawa a kan kujeru. Sannan akwai rigimar aƙida da ta raba ɗarikar Angilika ta duniya tun 2003, lokacin da Amurkawa suka naɗa bishop mai zaman soyayya da namiji ɗan'uwansa. A watan Yuni na 2008 masu adawa da wannan mataki, ƙarƙashin jagorancin Peter Akinola na Najeriya, suka kira babban taro a Ƙudus. Bishop Dawani ya fito fili ya koka cewa ba a shawarce shi ba kafin a zaɓi garinsa, kuma ba ya son a shigo masa da wutar da ba shi ya hura ba. Ana iya fahimtarsa. Mabiyansa Larabawa ne masu riƙo da al'ada, suna zaune tsakanin Musulmi da Yahudawa da Otodoks. Farantin da ke ciyar da asibitocinsa kuma a Amurka yake zagayawa. Ko ta wane gefe ya karkata, akwai abin da zai zube.

Kuɗin cikin gida ma ba tabbas gare shi ba. Annobar korona ta 2020 ta kore baƙi, masaukai suka zama wayam. Suna cikin farfaɗowa sai ga yaƙin Oktoban 2023, baƙi suka sake ɗaukewa, Isra'ila kuma ta soke izinin aiki na Falasɗinawan Gaɓar Yamma fiye da 100,000 da ke shiga cikinta neman abinci. Uban da ba ya aiki ba ya biyan kuɗin makaranta, mara lafiyan da ya zo asibitin Sen Luk na Nablus hannu wofi kuma ba a korarsa. Kowace irin wannan girgiza na ƙara tura matasan Kirista masu ilimi zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya, waɗanda suka rage su ci gaba da ɗaukar kaya iri ɗaya da kafaɗu kaɗan.

Su wa ke cin moriyar kayan? A nan ne lissafin ke ba da mamaki. A garin Salt na Jodan akwai makarantar kurame da ke aiki tun 1964. A Irbid akwai makarantar da ke zaunar da yara makafi aji ɗaya da masu gani. A kan Dutsen Zaitun akwai cibiyar Gimbiya Basma ta yara naƙasassu. Mafi yawan masu shiga waɗannan wurare Musulmi ne, domin su ne mafi yawan mutanen ƙasar. A Gaza abin ya fi fitowa: kafin yaƙi Kiristocin zirin duka wajen 1,000 ne cikin mutum sama da miliyon 2, akasarinsu ma Otodoks ne, ba ƴan Episkofal ba.

Ƙungiyar mishan ta CMS daga Ingila ce ta fara aikin jinya a wurin a 1882, ita ce dai ƙungiyar da ta kafa Wusasa kusa da Zariya, wadda fatakenmu masu zuwa Najeriya suka sani. Daga 1954 zuwa 1982 ƴan ɗarikar Baptis na Amurka suka riƙe asibitin, shi ya sa har yau mutanen Gaza ke ce masa Al-Ma'amadani, sannan ya dawo hannun lardin Ƙudus. Ƙaramin asibiti ne mai gado wajen 80, kuma mace ce, Suhaila Tarazi, ta shekara da shekaru tana shugabantarsa. Ya saba da rashin kuɗi tun kafin bama-bamai: a 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijirar Falasɗinu, UNRWA, ta sanar da janye tallafin da take ba shi, sai aka bi majami'un ƙetare da roƙo.

Duniya ta san sunansa ne daren 17 ga Oktoba na 2023, lokacin da wani abu ya fashe a harabarsa inda ɗaruruwan mutane suka fake. Ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce mutum 471 suka mutu, ta ɗora laifin kan Isra'ila. Isra'ila da Amurka suka ce rokar ƙungiyar Islamic Jihad ce ta kuskure hanya, hukumomin leƙen asirin Amurka kuma suka ƙiyasta mamatan tsakanin 100 da 300. Masu bincike masu zaman kansu sun rabu kan lamarin. Ikilisiyar dai ta binne mamata, ta gyara abin da ke gyaruwa, ta ci gaba da aiki. A watan Yuli na 2024 aka tilasta ma asibitin rufewa na ƴan kwanaki bayan umurnin kwashe unguwar. Bayan harin Lahadin Ganyen Dabino ma ya sake buɗewa, kuma a farkon Yunin 2025 wani hari a harabarsa ya kashe ƴan jarida aƙalla 3. An tsagaita wuta ranar 10 ga Oktoba na 2025. Gina abin da aka rusa kuwa ya koma kan majalisar nan ta mutum ƙalilan da masu zagayawa da faranti.

Maganar lanho ita ma ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Kwamitin da aka kafa a 2018 bai kawo ƙarshenta ba. A watan Fabrairu na 2025, gab da shiga azumi, hukumar birnin Ƙudus ta yi barazanar sa gine-ginen ikilisiyar Armeniyawa a gwanjo saboda bashin arnona da ta ce ya taru tun 1994, shugabannin majami'u suka sake fitar da sanarwa tare, aka ɗage zaman kotu. A watan Agusta na shekarar aka riƙe asusun ikilisiyar Otodoks ta Girkawa, wadda ta fi kowace girma da filaye a birnin. Wannan karon ɗaya bayan ɗaya ake bin su, ba a haɗe ba kamar 2018, kuma baƙin da za su tsaya a bakin ƙofa idan an rufe ta yaƙi ya riga ya kore su.